Tambayi Bakanike: Kujerar direba tana rawa, in kai wa mai walda?

Wasiƙu uku suka taru mini a kan kujerar direba, kowacce da irin motarta da irin ciwonta, sai na ga gara in haɗa su a fito guda.

Tambaya ta farko: Assalamu alaikum Baba Bakanike. Ni malamin sakandare ne a Funtuwa, ina da Golf 3 da na saya a hannun wani shekara shida da suka wuce. Tun bayan ƙaramar salla kujerata ta fara rawa. In na taka birki sai ta sunkuya gaba, in na taka kuloci ta koma baya ta ce ƙwas, in na sha kwana kuma ta karkata wajen ƙofa. Bakanikena ya leƙa ya ce babu notin da ya kwance. Wani mai walda a bakin tasha ya ce in kawo ya kama ta wuri guda, minti goma an gama. Yanzu dai guntun katako na cusa a ƙarƙashi. Mai ɗakina ma tana tuƙa motar, ni dogo ne, ita kuwa sai ta jawo kujerar gaba sosai. In kai wa mai waldan?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka kai. Katakon nan ma ka zare shi yau, domin ranar da ya suɓuce ba baya zai yi ba, gaba zai gangaro, kuma a gaba ƙarƙashin birki ne masauƙinsa.

Bakanikenka bai yi maka ƙarya ba. Ya nemi noti huɗu ne kamar yadda ya saba gani a Toyota da Honda, ita kuwa Golf 3, da yayarta Golf 2, ba haka aka kafa kujerarsu ba. A kan ƙafa uku take tsaye, kamar tukunya a kan murhu. Ƙafa ɗaya a gaba, a tsakiya, tana gudu a kan wani ƙarfe mai huji-huji inda makullin ke faɗawa. Biyu a baya, ɗaya wajen ƙofa, ɗaya wajen tudun giya, kowacce tana tafiya cikin kwararon ƙarfe da aka haɗa da jikin motar tun daga kamfani. Kowace ƙafa an sa mata takalmin roba mai tauri don kada ƙarfe ya gogi ƙarfe. Waɗannan robobi uku su ne maganarka. An fara ƙera Golf 3 a 1991, autar cikinsu ma ta haura shekara 25 a duniya. Roba ta sha zafin watan Afrilu a Funtuwa, ta sha ƙurar hunturu, ga ku biyu kuna jan kujera gaba da baya kullum, dole ta cinye ko ta farfashe ta zube. In ta zube sai ƙafar ta samu fili a cikin kwararon, wannan filin shi ne ƙwas ɗin da kake ji.

Amma kafin ka sayi komai ka tabbatar da idonka, don ni daga takarda nake duba maka. Ka samu wani mai jiki ya zauna a kujerar, mota a kashe, an ja birkin hannu. Kai kuma ka durƙusa a waje da tocila, ka buɗe ƙofar gaba da ta baya. Ka ce masa ya dafa sitiyari ya riƙa tura jikinsa baya yana dawowa, sannan hagu da dama. Kada ka kalli kushin, ƙarfen ƙasa za ka kalla, kuma kada ka sa yatsa a tsakanin ƙarafan. Abin da kake nema shi ne wurin da abu ɗaya ke motsi alhali na kusa da shi yana tsaye. In ƙafar baya ce ke tsalle a cikin kwararo, roba ce. In ƙafafun suna nan daram amma mazaunin yana lilo a kansu, to gaɓoɓin ɗaga kujera sama da ƙasa ne suka ci, idan taka mai hannun ɗagawa ce. In mazauni bai motsa ba sai majingina kaɗai, matsalar tana cikin abin kwantar da baya, wanda a Golf murɗa shi ake yi da hannu. In kuwa ka ji ƙara kamar ana taka gwangwani kuma gefe ɗaya ya lotsa, firam ɗin kujerar ne ya tsage a ƙarƙashin soso. Yadda ka kwatanta, gaba da baya da gefe duk a haɗe, na fi ba robar ƙarfi.

Cire kujerar ba ya bukatar rami ko jak. Ka tura ta gaba iyaka, ka ɓalle murfin robar da ya rufe ƙarshen kwararon baya. Ka yi a hankali da shi, tsufa ya sa ya zama kamar ƙanzo. Sannan ka dawo gaba, a bakin ƙarfen tsakiya akwai ɗan ƙaramin noti da aka sa don ya tare kujera kada ta fice. Ka kwance shi ka sa a aljihu, ba a kan kafet ba. Ka ɗaga hannun makulli ka tura kujerar baya har ta zare gaba ɗaya. In ka ga waya a ƙarƙashi kada ka fizga, ka karanta amsar da na ba Hajiya a ƙasa kafin ka taɓa ta.

Abin da za ka tarar a cikin kwararon nan sai ka riƙe baki. Ni na sha fito da ƙwallon dabino, ɓawon gyaɗa, murfin biro, 'ya'yan carbi, har da busasshen goro da ya koma dutse. Duk ka share. Tsohon giris da ya cakuɗe da yashi ka wanke shi da kananzir da tsohon buroshin haƙori, ka goge da tsumma har ya bushe. Wannan cakuɗen shi ne ke cin roba kamar dutsen niƙa, shi ya sa nake faɗa da yarana in na ga sun ɗura baƙin mai a relin kujera. Baƙin mai yana kiran ƙura, yana ɓata kafet, farar rigar mai mota ma ba ta tsira. Giris kaɗan ya isa, kamar yadda za ka shafa wa yaro man kaɗanya a leɓe.

Robobin kuwa ka tafi da tsofaffin a hannu, ko da gutsattsarinsu ne, domin ta wajen ƙofa da ta wajen giya ba siffarsu ɗaya ba, ta gaba ma daban take. Tunda kana Funtuwa, Zariya ta fi maka kusa, in ba a samu ba sai Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, wajen masu kayan Golf. In sabbi suka yi wuya, masu fasa mota sukan cire maka daga kujerar fasinja ta wata Golf ɗin, don ita ba ta shan wahala kamar ta direba. Kada ka yarda a naɗa maka tsinken roba na tayar keke ko salatif a madadinsu, sati biyu ne ka dawo gidan jiya. Ka duba makullin gaba ma: sandar da ke faɗawa cikin huji ta kasance bakinta bai cinye ba, sifirin ɗinta yana da ƙarfin mayar da ita, hujin da kuka fi amfani da shi bai zama kamar ƙwai ba. Wajen mayarwa, ƙaramin notin nan na aljihunka shi ne abin da yara suka fi mantawa, kuma shi ne ke hana kujera ficewa baya da mutum a kanta.

Yanzu ga dalilin da ya sa na hana ka walda, ban da cewa mai ɗakinka ba za ta ƙara kai ƙafa ga kuloci ba. Ka duba inda kake soke bel ɗinka, za ka ga makamar a jikin kujera take, ba a daɓen mota ba. Wato ranar da aka yi karo, Allah ya kiyaye, bel zai riƙe ka, kujera ta riƙe bel, ƙafafun nan uku su riƙe kujera. Karo a gudun kilomita 50 kacal daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, kusan saman bene mai hawa uku. Ɗigon walda biyu da aka yi a tsaye a bakin tasha, a kan siririn ƙarfe mai fenti da tsatsa, ba abin da zan ɗora wa wannan nauyi ba ne. Zafin waldar ma yana raunana ƙarfen da ke gefensa, ka ga an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ni ma na taɓa yi, shi ya sa bakina ke da nauyi a kai. Ina yaron gareji a Kaduna, maigidana ya tafi jana'iza ya bar ni da wata 504 mai irin wannan rawa. Na ga ai abu ne mai sauƙi, na kira mai waldar gas na maƙwabta muka kama relin ba tare da mun fitar da kujera ba. Muna tsaye muna yaba aikinmu sai hayaƙi ya fara fitowa daga ƙarƙashin kafet, tartsatsi ya shiga auduga ya yi ta ci a ɓoye. Da bokitin ruwan wanke hannu muka kashe. Da maigida ya dawo bai ce mini uffan ba, ya kai ni ƙarƙashin motar ya ɗora yatsana a kan bututun fetur, ya sa na auna tazararsa da inda muka ƙona. Bai kai taƙi ɗaya ba. Kafet ɗin kuwa daga kuɗin abincina aka biya.

Walda tana da wurinta. In firam ne ya tsage, a fitar da kujera, mai kushin ya yaye riga da soso, a kai ƙarfen tsirara wajen wanda ya iya, ya kama tsagar ya ƙara mata ƙarfe a baya. In tsagar ta kai wajen makamar bel, ni ba na gyarawa, kujerar Beljiyam nake sa mai mota ya saya.

Tambaya ta biyu: Baba, ni ma'aikaciyar jinya ce a Bauci. Motata Honda Accord ce ta 2004, wadda ake ce wa EOD. Kujerar direba tana ɗan lilo gaba da baya. Na kai wankin ciki, yaran suka cire kujerun suka mayar. Tun daga ranar lilon ya ƙaru, kuma wata jar fitila mai rubutun SRS ta kama ta ƙi mutuwa. Wani ya ce a cire ƙwan fitilar a huta.

Amsa: Hajiya, sannu da aiki. Wanda ya ce a cire ƙwai, ki tambaye shi ko in majinyaci ya yi zazzaɓi fasa ma'aunin zafi kuke yi. Fitilar nan tana gaya miki ne cewa na'urar jakar iska ta ga matsala, kuma muddin tana kunne ba ki da tabbacin jakar za ta buɗe ranar da ake bukatarta.

Ga abin da nake zaton ya faru. A ƙarƙashin kujerarki akwai wayoyi, cikinsu har da mai soket ruwan ɗorawa. Wannan launi a mota alama ce ta layin jakar iska. Yaran sun zare soket ɗin, wani ya murɗa makulli don ya kunna rediyo suna aiki suna jin waƙa, kwamfutar motar ta duba ta ga layi a yanke ta rubuta laifi. Ko an mayar da soket daidai, sau da yawa fitilar ba ta mutuwa da kanta sai an sa na'urar duba mota an goge laifin. Yana yiwuwa kuma ba su tura soket ɗin ya kama ba, ko ruwa ya shige shi. Ki kai wa mai wayarin da ke da na'ura, ya karanta laifin tukuna kafin ya goge. Ƙa'idar taɓa wannan soket ita ce a kashe mota, a cire kan batir na nagatif, a jira. Honda ta ce minti 3, Toyota daƙiƙa 90, ni minti biyar nake ba kowace mota in sha ruwa. Kada kuma wani ya soka masa fitilar gwaji ko ya jona masa waya. Wani abu da za ki tanada kafin a cire batir: rediyon Honda na waɗannan shekaru yakan kulle ya nemi lambar sirri, ki duba ko katin lambar yana cikin takardun motar.

Lilon kuwa kashi biyu ne. Wanda ya ƙaru bayan wanki, na notuna ne. Kujerarki noti huɗu ne ke riƙe da ita a daɓe, sifana mai lamba 14 ke kama su, biyu a gaba biyu a baya a ƙarƙashin murfin roba. Ki sa a buɗe a ƙirga a gabanki, na sha ganin uku. A sassauta dukkansu, a tabbatar relin hagu da na dama sun tsaya a haƙori ɗaya, domin in ɗaya ya wuce ɗan'uwansa gefe guda ne zai kulle, ɗayan ya riƙa yawo. A fara ɗaura kowane noti da yatsu ya shiga zagaye uku ko huɗu lafiya kafin a sa sifana. Wanda ya ƙi shiga da hannu a karkace yake, in aka matsa masa da ƙarfi tiredin daɓen ne zai cinye, ƙaramin aiki ya zama babba. In ɗaya ya ɓata kada a ɗauko na tsintuwa a ƙasan gareji, a nemo na kujerar Honda a wajen masu fasa mota.

Lilon da kika zo da shi tun farko kuwa, a irin waɗannan motoci yawanci daga gaɓoɓin ɗaga kujera yake. Kowace gaɓa tana da ɗan zoben roba a ciki, in ya cinye sai mazauni ya riƙa gyaɗa kai. Ki gwada sauke kujerar ƙasa iyaka, in lilon ya ragu sosai to nan ne. Ana sauya zobban, in ba a samu ba a sauya ƙasan kujerar gaba ɗaya. Wannan zai iya jiran albashi. Notunan daɓe da fitila ba za su jira ba. Kuma don Allah ki ɗaga kafet ki taɓa audugar ƙasa, in da danshi a shanya ta, dalili yana cikin wasiƙa ta gaba.

Tambaya ta uku: Ɗana ne ya rubuta mini. Ni direban haya ne, ina jan 504 doguwa tsakanin Katsina da Jibiya. Notin baya na kujerata yana juyawa ba ya kamawa, in na leƙa ina hango ƙasa ta gefensa. Yaya za a yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya tsare hanya. Kai kujerarka lafiyarta ƙalau, daɓen motar ne ya ruɓe. Mota ce mai ƙashi, a 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna kuma har yau ga irin taka tana neman abinci, amma ƙarfe ba ya jure kwanan ruwa. Ruwan damina yana shiga ta robar ƙofa ko ta gilas, masu wanki su ƙara da tiyo, auduga ta shanye ta riƙe, tsatsa ta yi ta ci daga ciki shekara da shekaru ba wanda ya gani. A ƙarƙashin kowane hujin da ake ɗaure kujera a daɓe akwai noti da aka kama da walda tun kamfani. Naka ya ɓalle tare da ƙarfen da ke riƙe da shi, shi ya sa yake juyawa.

Kai ne za ka je wajen walda, amma wajen fanel bita, ba na bakin tasha ba. A fitar da kujera, a yaye kafet da auduga gaba ɗaya, a cire batir. A bi wurin da guduma ana ƙwanƙwasawa, duk inda ya yi taushi a yanke har a kai ga lafiyayyen ƙarfe, ko da ramin zai ba ka tsoro. Kafin a kunna wuta wani ya shiga ƙasa ya ga inda bututun fetur da na birki suka bi, a kare su, a ajiye bokitin ruwa kusa. A sa sabon ƙarfe a kama shi zagaye, ba ɗigo-ɗigo ba. Ta ƙasa a ƙara faifan ƙarfe mai kaurin milimita 3, faɗinsa kamar tafin hannu, a goge kusurwoyinsa su zama da'ira don kada su yaga daɓen, noti ya ratsa ta cikinsa. Ka duba kan notin da za a sa, ka ga an buga 8.8 ko 10.9. Wanda kansa babu lamba na ƙofar gida ne. Bayan an gama a shafe sama da ƙasa da jan fenti na hana tsatsa, a bar shi ya bushe kafin a mayar da kafet.

Na san abin da ake yi a tasha, a sa babban washa ko a ɗaure da wayar taya a ce sai an dawo daga lodi. Washa a kan ruɓaɓɓen ƙarfe faɗaɗa ramin yake yi. Kuma tunda kafet zai tashi, ka sa a duba inda bel ke kamawa a daɓe da gindin ginshiƙin ƙofa, da ɓangaren fasinjan gaba, musamman in kana ɗaukar mutum biyu a wurin. Aikin yini guda ne in an fara da safe, ka zaɓi ranar da ba kasuwar Jibiya ba.